Geron da Ke Cikin Ogan ɗin Baba

Ranar da Allah ya karɓi ran mahaifinmu, kafin a gama yi masa wanka ƙofar gidanmu a Isa ta cika da babura. Ban san wanda ya kai labari ba, domin mu na cikin gida ko salati ba mu gama ba. Mutanen Turba suka zo goyon uku-uku, na Kamarawa suka biyo hanyar daji, 'yan kasuwar Bafarawa suka rufe rumfunansu suka taho. Wasu tsofaffi daga Sabon Birni sai da aka sauko da su daga bayan mota ana riƙe musu sanda. Na daɗe ina zuwa zaman makoki, amma ban taɓa ganin inda masu gaisuwa ke zuwa da zangarniyar gero a hannu ba sai a namu. Kowa ya iso zai jingine tasa a bangon zaure, ya yi addu'a, ya nemi wuri ya zauna.

Wani dattijo daga Turba ya matsa lallai sai an kai shi ya gaida 'yar fari. Ni ce 'yar farin. Aka kawo shi bakin ƙofar ɗakin da mata muke zaune, ya tsuguna, ya ɗaga zangarniyarsa sama don in gani.

"Hajiya, kin ga wagga? Tsatson geron da babanku yab ba ni na, shekarar yunwa. Gwangwani guda nis samu, da shi nir riƙe gidana. Wallahi mutumen ga waliyyi na. Shi yag ga abin da ba mu gani ba."

Mata suka amsa da "Allah shi jiƙan shi." Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu guda da ta rage, ta share hawaye ta ce ai tun yana yaro haka yake da hangen nesa. Ni addu'ar na amsa, zancen waliyyi kuwa na bar shi ya wuce. Geron nan da suke yabo na san inda ya fito, na kuma san abin da ya ci mini. Na yi shekara arba'in da 'yan kai ina riƙe da mahaifina a zuciya saboda shi, kuma a duk masu cika zauren nan babu wanda ya sani. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Ina so a tuna da Baba, amma a tuna da shi yadda yake, don yadda yake ɗin ya fi abin da ake faɗa ban mamaki.

Baba manomi ne kamar kowa a garinmu, sai dai in rani ya yi yakan buɗe tebur a kasuwa yana gyaran rediyo. Da keke yake zagaya kasuwanni, daga Isa zuwa Bafarawa, daga can zuwa Sabon Birni, da akwatin kayan aiki ɗaure a baya. Doguwar rigarsa kullum da ɗan tabon ƙuna a gaba, aljihunsa kuwa duk sanda Inna, mahaifiyarmu, ta wanke shi sai ta tsinci kusoshi da guntayen waya. Ba mai yawan magana ba ne. Kalmar da aka fi ji a bakinsa ita ce "Bari shi huce." Dalma ya narka, bari shi huce. Shayi ne, bari shi huce. Maƙwabta sun kawo ƙarar juna kan iyakar gona, nan ma bari shi huce. Har yara suka riƙa kwaikwayonsa a bayan ido.

Ga wanda bai san ogan ba, abin kiɗa ne mai kama da fiyano, sai dai da wutar lantarki yake aiki. Yana da madannai a jere, farare da baƙaƙe, in ka ɗora yatsa kan ɗaya zai ja murya guda ya riƙe ta har sai ka ɗaga. Baba a Maraɗi ya fara ganinsa. Baffa, ƙanensa mai fatauci, shi ya ja shi su je tare ya taya shi ɗaukar kaya. Ranar dawowa mota ta cika, direba na ta danna ƙaho, aka nemi Baba aka rasa. Baffa ya bi shago-shago har ya same shi a wani kantin kayan lantarki, kwance a ƙasa, kansa a cikin bayan wani akwati, mai kantin na haska masa tocila, shi kuwa yana zana abin da ya gani a takardar buhun siminti. Mota ta tafi ta bar su. Baffa ya mutu yana ba da labarin nan.

"Ni da niz zo neman riba," in ji shi, "sai ga ni zamne ina gadin ƙahwahun yayana."

Da takardar simintin nan ya dawo gida, kuma shekara tara ya yi yana bin abin da ya zana. Babu wanda ya sa shi, babu wanda zai saya. In ya dawo gona ko kasuwa, ya yi la'asar, sai ya shige ɗan ɗakin da ke jikin zaure ya hura garwashi ya sa ƙarfen dalma. Madannan da icen maɗaci ya sassaƙa su, fararen ya lulluɓe su da ƙashin saniya da ya goge har ya yi santsi. Abin da ke mayar da madanni sama in an ɗaga yatsa, wayar ƙafar keke ce. Inda wuta ke haɗuwa a ƙarƙashinsu, gwangwanin madara ya yanka siri-siri. Sauran kayan cikin duk daga matattun rediyo ya ciro su, musamman taransista, 'yan abubuwan nan masu ƙafa uku. Duk lokacin da Baffa zai dawo daga Nijar sai ya ƙullo masa rediyoyin da masu su suka fid da rai da su, yana mita yana cewa shi kaɗai ne falken da ke shigo da gawa ƙasar nan.

Kowane madanni yana da 'yar kusarsa a baya, wadda ake murɗawa har muryarsa ta daidaita. Baba ba shi da abin awo sai kunne, kuma bai so ogan ɗinsa ya yi irin kukan na Maraɗi ba. So yake ya yi waƙa irin tamu. Don haka in Inna ta durƙusa a dutsen niƙa tana waƙa, sai ka ji muryarsa daga ɗaki.

"Ke, sake ɗauko wurin nan da kinka ɗaga murya."

"Ni niƙa nika yi, Malam, ko haya kaɗ ɗauke ni?"

Tana faɗa amma tana sakewa. Sai ya murɗa kusa, ya danna, ya murɗa, har muryar akwati ta hau kan tata su tafi tare. Wahalarsa ita ce zafi. Abin da ya daidaita da safe, kafin azahar duk ya zame, wannan ya hau wancan ya sauka. Sai ya riƙa jiƙa buhu yana rataya a taga, ya kuma matso da randa kusa da akwatin. In an yi masa dariya ya ce, "Zahi shika ji, awa mutum."

Ina nan ranar da ya fara kaɗa shi sosai. Wata la'asar ce bayan kaka, ya haɗa batirin mota da wani direba ke cika masa wuta, ya zauna a kan turmi, ya ɗora hannu biyu. Na rantse har yau in na tuna tsikar jikina tashi take yi. Waƙar niƙan Inna ce ta fito, amma da murya uku a lokaci guda, ɗaya can ƙasa tana girgiza ƙirji, ɗaya a tsakiya, ɗaya siririya a sama. Masu dawowa daga rijiya suka tsaya da tuluna a ka. Mahauci ya zo da wuƙarsa a hannu bai sani ba. Inna ta fito daga madafi ta tsaya, sai ta ja gyale ta rufe baki. Mutumin da ko ajin farko na boko bai shiga ba, ya tattara gwangwani da ƙashi da bola, ya sa sun yi waƙar matarsa. Ban taɓa ganin abu kamar wannan ba, kuma ban ƙara gani ba.

Shi kaɗai ne bai gamsu ba. Akwatin da lasifika ke ciki katako ne, kuma in ya danna muryoyin ƙasa sai katakon ya ɗauki karkarwa yana ziza. Mu ba mu ji, shi yana ji. Ya sake akwatin ya yi masa bango biyu da rata a tsakani, don ya cusa abin da zai danne karkarwar. Ya zuba yashi, yashi ya riƙa tsiyaya yana shiga madannai. Ya cusa auduga, murya ta shaƙe. Rannan Inna ta tafi gidan suna, sai ya buɗe tukunyar irinta.

Irin nan ba ƙaramin abu ba ne a gidanmu. Geron kakarmu ne, mahaifiyar Baba, gajere mai saurin nuna, wanda mutane suka daina shukawa don zangarniyarsa ba ta kai ta sauran tsawo ba. Inna ke zaɓen zangarniyoyi mafiya kyau kowace kaka, ta sussuke, ta cakuɗa da toka don ƙwari, ta liƙe bakin tukunya da laka. Baba ya kwashi kusan rabin buhu, da tokar da komai, ya ɗura a ratar bangon akwati, ya toshe da kakin zuma ya buga ƙusa. Da ya danna, karkarwa ta ɗauke ɗif. Muryar ta fito a zaune, mai nauyi, babu ko ɗigon ziza.

Da Inna ta dawo ta ga tukunya, unguwa ta ji su.

"Iri, Malam? Irin shuka kaz zuba ma akwati? Shi baki gare shi?"

"Ƙwayatai ta hi daidai. Saurara ki ji."

"Ba ni saurare! Gobe ka tuƙa mai tuwo, ka kaɗa mai miya!"

Kwana uku ba ta yi waƙa a dutsen niƙa ba, don ta hore shi. Amma shekarar an yi albarka, rumbuna a cike, ragowar irin ma ya ishi gona. Faɗan ya zama abin dariya a gida, aka manta da geron a inda yake.

Sai in faɗi yadda muke da shi. Ni 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka kunya biyu ce a tsakaninmu. Bai taɓa kiran sunana ba. In zai yi zancena sai ya ce "Uwata", in kuwa ina wurin sai ya dubi bango ya faɗi abin da zai faɗa. Ni ma gaisuwa ce iyakata, in durƙusa in gaishe shi in tashi. Duk son da bai iya nuna mini ba, da na yi aure na haifi ɗa namiji, a kan yaron ya juye shi. Jika ba a kunyarsa. Yana kiransa "mijin Inna", yana tsokanarsa wai ya zo ƙwace masa mata ba ko sisi. Ogan ɗin da ko Baffa bai isa ya taɓa ba, sai ga Baba ya ɗora yaro a cinya ya kama 'yan yatsunsa yana danna masa. Yaron ya ƙyalƙyale da dariya, shi ma ya yi ta dariya har hularsa ta faɗi.

Fari ya zo a shekarun da aka canza kuɗi daga fam zuwa naira. Daminar farko ruwa ya ɗauke gero na bunni bai kai ga yin ƙwaya ba, aka girbe abin da bai taka kara ya karya ba. Ta biyu aka yi shuka sau uku tana ƙonewa, ragowar irin Inna duk ya tafi a ƙasa. Gulbi ya ƙafe har ana tafiya a cikinsa da jaki. Fulani suka riƙa wucewa kudu da shanun da ƙashin haƙarƙarinsu ke ƙirguwa, waɗanda suka kasa tashi a bar su a bakin hanya. Maigidana ya bi ayarin masu cin rani, ni na dawo gidanmu da yarona, lokacin yana shekara biyu da 'yan watanni.

Mun ci abin da ban so jikokina su san sunansa ba. Mun ci dusa. Mun sussuke ƙarangiya don 'yan ƙwayoyin cikinta. Mun tona gidan tururuwa mun kwashe abin da suka tara. Anza kuwa, 'ya'yan wani icen daji masu ɗaci, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Baba ya sayar da kekensa. A ƙasa yake zuwa Sabon Birni duk ranar da aka ce za a raba tsaba, ya wuni a layi, wani lokaci ya dawo da 'yar jar dawa a ƙasan buhu, wani lokaci ya dawo da buhun kawai. In aka zuba masa abinci sai ya ci loma biyu ya ce ya ƙoshi, ya tura wa yara kwanon. Ba zan ɓoye wannan ba, don gaskiya ce.

Manya suna jurewa, amma cikin yarona ya ƙi anza. Duk abin da na ba shi sai ya dawo. Ƙafafunsa suka sirance, gashinsa ya yi ja, ya daina tafiyar da ya koya ya koma zama. Kunun gero yake so, shi kaɗai ya saba da shi tun yaye, kuma gero ya ɓace a kasuwa. Wata safiya Inna ta ja ni bayan rumbu.

"Akwai gero gidan ga," ta ce da ni a hankali. "Cikin akwatinai. Na yi mai magana sau biyu, tashi shika yi shi hita. Ke ko ya ji kunyarki."

Da hantsi na goya yaron na shiga ɗakin da ban taɓa shiga ba in yana ciki. Yana zaune yana goge madannai da tsumma, ko da yake batir ya daɗe da mutuwa. Na durƙusa. A rayuwata ban taɓa haɗa jimla uku a gabansa ba, amma ranar na yi magana.

"Baba, mijin Inna ba shi cin komi. Kunu shika so. Ko tiya guda ka hidda muna cikin akwatin ga, don Allah."

Hannunsa ya tsaya. Ya dubi bango, sa'an nan ya ce, "In an huda shi, duka za shi zubo. Bari mu ga gobe."

Gobe ta yi, ya tafi Sabon Birni a ƙasa ya dawo da jar dawa cikin hularsa. Na dama, yaro ya kurɓa ya amayar. Na koma na sake durƙusawa, ya sake cewa gobe. Rana ta uku ban durƙusa ba. Taɓaryar Inna na ɗauka na shiga da ita, niyyata in fasa akwatin kowa ya huta. Baba ya miƙe ya tsaya a gabansa, ya buɗe hannuwa biyu, kansa a sunkuye. Na ɗaga taɓarya na ga ba akwati ne a gabana ba, ubana ne. Na ajiye ta a ƙasa na fita.

Bayan mako guda baƙon dauro ya shigo unguwa. Yaran da ke da ɗan ƙarfi suka tashi, nawa bai tashi ba. Na san kwana ne ya ƙare, kuma ban isa in ce kunu zai hana abin da Allah ya rubuta ba. Amma uwa ce ni, kuma na san ɗana ya tafi yana neman abin da ke cikin gidan kakansa. Baba da kansa ya ɗauke shi a hannu zuwa maƙabarta, bai bari kowa ya taya shi ba. Da ya dawo ya rufe ogan ɗin da tabarma.

Daga ranar na rufe zuciyata a kansa. Abin da ya sa babu wanda ya lura shi ne, da ma 'yar fari ba ta hira da uba. Ina durƙusawa in gaishe shi kamar kullum, ya amsa yana duban bango kamar kullum. Mutane suna yaba tarbiyyata. Ni da shi kaɗai muka san gaisuwar ta zama fanko.

Da damina ta kewayo aka yi ruwan shuka mai kyau, ƙasa ta jiƙu har kamu guda. Gari ya waye maza na tsaye a ƙofar gidajensu da sungumi, babu abin da za su jefa a rami. Kowa ya cinye irinsa ko ya binne shi bara. Ban taɓa ganin baƙin ciki irin na safiyar nan ba, ga ruwa Allah ya kawo, ga hannu wofi.

Rana ta ɗan ɗaga sai ga Baba da Baffa sun ciccibo akwatin sun fito da shi ƙofar gida, suka ɗora a kan tabarmi. Baba ya zaro wani jiƙaƙƙen tsumma daga aljihu ya warware a gaban mutane. Ƙwayoyin gero ne a ciki, kusan duka sun tsiro da fararen saiwoyi. Ashe tun kwanaki ya huda ƙasan akwatin da basilla ya gwada. Ya ce a ba shi gizago. Baffa ya riƙe hannunsa ya ce a bi ta ƙusa a hankali, ko akwatin ya gyaru daga baya. Baba ya ce, "Ƙasa ba ta jira." Sara uku ya yi, bangon ya tsage, gero ya zubo da tokarsa yana tsiyaya a kan tabarma. Wata tsohuwa ta fara kabbara.

Da gwangwanin madara ya raba, gida guda gwangwani guda. Labari ya kai ƙauyuka, kafin la'asar mutanen Turba da Kamarawa sun iso da gudu. Kowa ya miƙo ƙoƙo sai ya ce masa, "Ƙwaya ukku rami guda. In ka girbe ka ba wani." Gidanmu ma gwangwani guda ya ajiye mana. Ni ina tsaye a soro ina kallon geron da na durƙusa na roƙa yana shiga ƙoƙunan mutane. Na ji girman abin da yake yi har cikin ƙashina, kuma a lokaci guda na ji ba zan taɓa yafe masa ba.

Daminar ma ba ta cika ba, ruwa ya ɗauke da wuri. 'Yan kaɗan da suka samo iri daga kudu, nasu ya tsaya da kara ba ƙwaya. Gajeren geron kakarmu kuwa ya riga ya nuna. Ba a cika rumbu ba, amma an samu na kunu da na shukar baɗi, kuma aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu kamar yadda ya ce. Har yau a kasuwannin yankinmu za ka ji ana cewa "ɗan ogan", kuma yawancin masu faɗa ba su san mene ne ogan ba.

Bai ƙara gina akwatin ba. Da wadata ta dawo Baffa ya kawo masa sabuwar lasifika daga Maraɗi, ya karɓa ya sa wa rediyon wani makaho. Madannan dai ya ci gaba da kula da su, yana murɗa kusoshi, yana jiƙa buhu. Sai dai ya jona musu 'yar wayar nan ta sawa a kunne, irin ta ƙaramin rediyo. Kowace la'asar za ka gan shi zaune a kan turmi, yatsunsa na tafiya, kansa na rausaya, ba ka jin komai sai ƙwas-ƙwas ɗin katako. Shekara arba'in yana kiɗa, babu wanda ya ƙara ji. Maigidana ya dawo, na haifi wasu 'ya'yan, Baba ya yi wasa da su duka, amma bai ɗora ko ɗaya a cinya gaban madannai ba. In kuwa aka fara yabonsa a majalisa kan zancen iri, sai ya laluba takalmansa ya tashi. Mutane suka ce tawali'u ne, yabon ya ƙaru.

Inna ta riga shi rasuwa da shekara goma sha ɗaya. A daminar da ta wuce ƙafa ta ƙi shi, ya kwanta, kunnensa kuma ya yi nauyi ƙwarai, sai an ɗaga murya yake ji. Wata rana bayan azahar ya aika a kira ni. Na tarar da Gwaggo na yi masa fifita, ya ce ta ba mu wuri. Na durƙusa a bakin ƙofa inda na saba. Ya ce in matso. Sai ya juyo ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife ni.

"Uwata, mutane na cewa na yi hangen nesa. Ƙarya ta."

Sai ya ɗora.

"Ran da kinka durƙusa da yaron ga, ban tuna shuka ba. Ban tuna kowa ba. Muryar akwatin nit tuna. Shekara tara nika biɗar ta, nis same ta, nij ji ba ni iya rasa ta. Nic ce gobe za ni samo wani geron, gobe za ni samo. Sai da nid dawo daga rufe shi sannan nis san abin da niy yi. Rabon da kinka ga na yi, ba alheri na ba. Ba ni iya kwana gida guda da geron ga, shi na."

Numfashinsa ya sarƙe, ya huta, ya ci gaba.

"Allah ya rufa min asiri ga mutane, yas sa abin yay yi amfani. Amma ke kin sani. Kada ki bari a yi ta ba ni abin da ba nawa ba. Kuma in kina iyawa, ki yahe min."

Abin da ya faɗa na san shi tun ranar taɓarya. Ban taɓa zaton zan ji shi daga bakinsa ba. Mutumin da ƙasa guda ke kira waliyyi, saura kwanaki ya tafi da sunansa cas, babu mai tuhumarsa, ya kira mutum ɗaya da ta san gaskiya ya tuɓe sunan a gabanta. Na ga ya haɗa waƙa da gwangwani, na ga ya fasa aikin shekara tara da sara uku, amma ban taɓa jin girmansa kamar a wannan lokacin ba. Na nemi fushin da na yi shekara arba'in ina riƙo, na tarar babu abin da ya rage sai kewar ɗana da tausayin tsoho.

Na sunkuyar da kai na ce, "Na yahe, Baba."

Ya kafa mini ido yana jira. Bai ji ba.

Na ɗan ɗaga murya na sake faɗa. Ya kai hannu bayan kunne, fuskarsa ta fara sauyawa, na gane ya ɗauka shiru na yi masa. Sai na tashi daga durƙuson, na dafa gadon, na kai bakina saitin kunnensa, ni da ko tari ban taɓa yi da ƙarfi a gabansa ba, na ƙwala da iyakar muryata.

"Na yahe maka, Baba! Na yahe! Duniya da lahira na yahe!"

Gwaggo da matan gida suka rugo da salati, sun zaci ya cika. Suka tarar da ni tsaye a kansa ina kuka, shi kuwa ya lumshe ido, ya riƙe hannuna gam.

"Na ji," ya ce. "Na ji, Uwata."

Bayan kwana huɗu ya rasu. Ya Allah, na sauke abin da ya ɗora mini, na faɗa yadda ya ce in faɗa. Ni na yafe masa da ƙarfi har maƙwabta sun ji. Kai da ba ka bukatar a ɗaga murya, ka yafe masa, ka sada shi da jikansa.